Amsa ga ɗan'uwan da ya ƙirƙiri jinsin Kurawa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta bayanin jinsin da ka ƙirƙira domin wasan Dungeons & Dragons (wasan tebur na labari, inda kowane ɗan wasa ke riƙe da jarumi guda, ana yanke abin da zai faru da jefa dayis, wato ɗan ludo mai fuskoki da yawa), ina nufin mutanen nan masu siffar kura da ka raɗa wa suna Kurawa, kuma ka tambaya ko za su zauna daidai da sauran jinsunan wasan ba tare da sun danne su ba. Saboda waɗanda ba su buɗe takardar taka ba, bari in taƙaita abin da ke ciki. Ka ƙara musu maki 2 a ƙarfi da maki 2 a juriya, suna cin nisan ƙafa 40 a kowane zagaye, suna gani cikin duhu har ƙafa 120, ana auna ɓarnar cizonsu da dayis mai fuska 10, dafi ba ya kama su ko kaɗan, sannan suna da dariyar da ke firgita abokan gaba duk lokacin da suka ga dama. A madadin haka ka rage musu maki 2 a kaifin ƙwaƙwalwa, ka kuma wajabta musu jefa dayis duk sa'ad da suka ga nama ko dukiya, in ya faɗi ƙasa da 10 sai su wawura.

Na ɗauki shekaru ina jan wasa a Agege, a bayan shagon wani abokinmu, kowace Lahadi bayan La'asar, kuma na ƙirƙiri jinsuna da hannuna har sau huɗu, biyu daga ciki sun ɓata mana wasa. Saboda haka abin da zan faɗa maka na sha shi ne a tebur.

Maganar alƙaluma ba ta da tsawo, domin kusan kowane layi ya zarce gejin da aka saba. A littafin dokokin wasan, bugu na biyar da ya fito a 2014, yawancin jinsuna suna samun maki 2 a siffa ɗaya da maki 1 a wata, suna tafiyar ƙafa 30, masu gani cikin duhu kuwa galibi a ƙafa 60 suke tsayawa. Waɗanda aka ba ƙafa 120 a wancan littafin, an haɗa musu da raunin gani a hasken rana. Doguwar takobi ma dayis mai fuska 8 take ci in an riƙe ta da hannu ɗaya, sai an kama ta da hannu biyu take kai 10, ke nan Bakuren naka yana yawo da babbar takobi a cikin bakinsa, wadda ba mai gadin ƙofar gari da zai iya karɓe ta. Mutanen ƙadangare da kamfanin Wizards of the Coast, mai wallafa wasan, ya fitar a 2016 cizonsu dayis mai fuska 6 ne. A waccan shekarar ne kuma aka fitar da mutanen maciji waɗanda dafi ba ya kama su sam, amma da aka sake buga su a 2022 sai aka mayar da abin ya zama dafin yana kama su, sai dai rabin ɓarnarsa. Idan masu wasan da kansu sun janye wannan baiwa daga maciji, ban ga dalilin ba kura ita ba.

Na san amsar da za ka ba ni, domin ni ma ita na ba kaina a da: ai na sa musu nakasu guda biyu da za su biya wannan ƙarfi. Nakasun farko ba ya biyan komai. Duk wanda ya zaɓi jinsi mai irin wannan ƙarfi da juriya, mayaƙi zai gina, mayaƙi kuwa sai ya yi wata uku a tebur bai jefa dayis a kan kaifin ƙwaƙwalwa ba. Ka karɓe masa abin da dama ba ya amfani da shi. Irin wannan ragin maki an taɓa yi wa wasu jinsunan a hukumance, aka kuma cire shi a 2020, shekarar da aka ba ’yan wasa damar ɗora ƙarin makinsu a siffar da suke so.

Nakasu na biyu shi ne inda na fi so mu tsaya, domin shi ne zai raba maka tebur. Na taɓa ƙirƙirar mutanen biri, na sa musu doka kusan irin taka: in suka ga abu mai ƙyalli sai sun jefa dayis, in ya gaza sai hannu ya ɗauka. Wani matashi mai gyaran waya ne ya ɗauki jinsin, yaro mai natsuwa wanda ko muryarsa ba a cika ji ba. Mun yi mako uku muna neman hanyar da ayarin jaruman ’yan wasan zai gana da sarauniyar wani birni domin a sako ɗan'uwansu da ke tsare. Ranar ganawar, ɗaya daga cikinmu ya taso tun daga Idi-Araba, ya sha cunkoson motoci kusan awa biyu, an ɗauke wuta, muna wasa da hasken fitilar caji da aka ɗora a kan kwalin lemo. Na siffanta fadar, na ambaci cewa akwai zoben azurfa a kan wani faifai kusa da karagar, sai na tuna dokar da na rubuta da hannuna. Yaron ya jefa dayis mai fuska 20, ya gangara ya tsaya jikin kofin shayi a kan 4. Ya ɗago ya dube mu ya ce, “Wallahi ni ba na son in ɗauka.” Amma doka ta ce ya ɗauka. Dogarai suka rufe su, shirin mako uku ya rushe cikin minti biyar, mutumin Idi-Araba ya tattara takardarsa bai ce uffan ba, sai a bakin ƙofa ya tambaye ni ko ya biya kuɗin mota ne domin ya zo ya kalli dayis yana wasa shi kaɗai.

Abin da na gane daga ranar shi ne irin wannan doka tana karɓe wa ɗan wasa abin da ya kawo shi teburin, wato zaɓi, sannan hukuncinta ba a kansa kaɗai yake sauka ba. A tsarin da ka rubuta, mai Bakure zai more cizo da gudu da dariya shi kaɗai, amma ranar da ya wawuri naman wani attajiri, ayarin gaba ɗaya ne zai kwana a kurkuku. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan, sai dai a nan kurar ce ke karɓar kuɗin, abokan tafiyarta su sha bugun. Akwai kuma ɗan wasan da dama neman rigima ya kawo shi, shi kuwa ka ba shi lasisi, duk ɓarnar da ya yi sai ya ce halin jinsinsa ne.

Na fahimci inda ka samo haɗamar da wautar. Kurar tatsuniya ce, wadda Gizo ke yi wa wayo kullum, wadda muke cewa ba a ba ta ajiyar nama. Amma kurar daji wata halitta ce dabam, kuma ina ganin ta fi ta tatsuniya amfani ga mai ƙirƙirar jinsi. Kura mai dabbare-dabbare tana rayuwa ne cikin dangi da kan kai 80, mata ne ke mulki kuma sun ɗan fi maza girma, ’ya’ya suna gadon matsayin uwarsu, maza kuwa in sun balaga sukan bar dangin su shiga wani daga ƙasan layi. A wurare da yawa yawancin abin da take ci ita ke farautarsa, kuma dabararta juriya ce, ta bi dabba kilomitoci har ta gajiyar da ita. Tana tauna ƙashi ta narkar da shi, shi ya sa kashinta kan bushe fari. Kukanta na kiran dangi ana jin sa daga nisan kilomitoci, ita kuwa dariyar da muke ji galibi ta wadda aka matsa wa ce ko ta damu, ba ta barazana ba. Ko danginta ma sun fi kusa da na kyanwa a kan na kare.

Dubi abin da wannan zai ba ɗan wasa kafin a jefa dayis ko ɗaya. Namijin da ya bar danginsa domin al'ada ta ce lokaci ya yi, ga dalilin shigarsa ayarin baƙi ya samu. ’Yar babbar uwa wadda aka haifa da matsayi amma ba ta son gadon, ga labarinta. Sannan ka ɗauki tatsuniyar ka mayar da ita abin da sauran mutanen duniyar wasan suke faɗa a kansu: a kasuwa ana janye tire in sun matso, mai masauki yana cewa ɗaki ya ƙare, yara suna yi musu waƙa. Ta haka haɗamar ta zama zargin da ɗan wasan zai zaɓi ya ƙaryata ko ya gaskata, ba sarƙar da ka ɗaura masa ba. Ka dai tambayi ’yan teburinka tukuna ko suna son irin wannan labarin, domin mu da ke zaune a Legas mun san ɗacin a yanke wa mutum hukunci tun kafin ya buɗe baki, kuma ba kowa ke son ya tarar da shi a wasan ranar hutunsa ba.

Da ni ne, zan bar ƙarin maki a 2 da 1, ɗan wasa ya ɗora inda yake so, in kuwa da dokokin 2024 kuke wasa to jinsi ma ba ya ɗauke da ƙarin makin, ya koma kan asalin sana'ar mutum. Tafiya ƙafa 30, gani cikin duhu ƙafa 60, cizo dayis mai fuska 6. Maimakon gudu sai in ba su juriya: idan ana doguwar tafiya ko bin sawu, su jefa dayis biyu su ɗauki mafi girma wajen kauce wa gajiya. Maimakon dafi ya kasa kama su, su jefa dayis biyu kawai a kan cutar da ke zuwa ta abinci, kuma ƙashi da ragowar da wasu suka zubar ya ishe su guzuri. Wannan na ƙarshe yana da kamar ƙaramin abu, amma ranar da ayari ya ɓata a hamada za ka ga darajarsa. Dariyar kuwa ina son ta, domin ita ce abin da za a riƙa tuna jinsin da shi, sai dai a yi mata linzami. Mutanen zaki da aka fitar a 2020 suna da ruri mai firgitarwa, amma a cikin ƙafa 10 yake aiki, kuma sai an huta kafin a sake yinsa. Ka bi wannan gejin. Ko kuma, tunda dariyar kura ta mai damuwa ce, ka sa ta riƙa fitowa sa'ad da makin ran Bakuren ya sauka ƙasa da rabi, ta ba abokin tafiya ɗaya ƙarfin gwiwa a harinsa na gaba. Wannan ya fi burge ni, domin baiwa ce da ke sa sauran ’yan tebur su yi murna da zaman Bakure a cikinsu.

Sunan ma ka sake duba shi. Kurawa unguwa ce a cikin birnin Kano, Kura kuma ƙaramar hukuma ce a jihar, kuma a Agege ko Mile 12 ba za ka rasa mutumin can ba. Ba na jin zai ji daɗin ganin sunan garinsu a kan takardar da ta ce masu shi ba sa ganin nama su ƙyale. Burungu yana cikin sunayen da ake yi wa kura kirari da su, Burungawa kuwa ya zauna a baki.

Kafin ka kai su cikin dogon labarinku, ka gwada su a zama guda wanda bai shafi kowa ba. Ka gina mayaƙa biyu a mataki na 3, ɗaya ɗan Adam ɗaya Baburunge, makami iri ɗaya, ka sa su fuskanci abokan gaba iri ɗaya sau uku, sannan ka gina malamin sihiri da jinsin ka ga ko shi ma yana da abin morewa. Ka kuma ba wani ɗan wasan takardar ya riƙe, kada ka riƙe da kanka, domin mai abu ba ya ganin ramin da ke cikin abinsa. In ka gyara ka sake ɗora ta a nan, zan buga ta in kai teburinmu ranar Lahadi. Yaron nan mai gyaran waya har yanzu yana zuwa, kuma tun daga ranar zoben azurfa, duk jinsin da aka kawo shi ne ke fara karanta layin nakasu kafin ya dubi sauran.