Amsa: me ya sa makarantun bizines suke nace wa masu dakta?

Malam ka tambaya wai me yasa aka ƙi ɗaukar mutum mai shekaru yana harkar banki aikin koyarwa aka ɗauki yaro sabon dakta. Gaskiya ba koyaushe son rai bane, yawanci hannun shugaban makarantar a ɗaure yake saboda masu tantancewa.

Ka ɗauki AACSB ta Amurka, ƙungiyar da take tantance ingancin makarantun bizines, wadda aka kafa tun 1916. A ƙa'idojinsu na 2020 suna raba malamai kashi huɗu bisa takardar karatu da kuma abinda mutum yake yi yanzu, bincike ko aiki a fili, kuma suna so aƙalla kashi 40 cikin ɗari su zama masu dakta da har yanzu suke buga bincike a mujallu, sannan kashi 90 su faɗa cikin rukunan nan huɗu. To kaga in lissafin makaranta ya kusa faɗowa ƙasa da 40 ɗin nan, dole ta nemi mai rubuta pepa, wato takardar bincike, ko da ma'aikacin bankin yafi shi iya koyarwa. Kuma daktan ma baya isa har abada, in ka daina bincike za a sauke ka daga rukunin.

Akwai kuma batun cewa kashi 75 na koyarwa ya kasance a hannun malaman da suke shiga harkokin makaranta sosai, kwamiti, tsara manhaja, kula da ɗalibai, ba masu zuwa lacca su wuce ba. EQUIS, mai irin wannan tantancewa ta Turai, ita kuma tafi damuwa da malamai daga ƙasashe daban daban da alaƙa da kamfanoni.

Ni dai abin yana damuna, ɗalibi na bukatar wanda ya taɓa riƙe kamfani. Amma ƙofa a buɗe take, mai masta da gogewa yana da nasa rukunin, sai dai ya nuna har yanzu yana taɓa aikin.