Ina gyaran tsofaffin na'urorin gem don nishaɗi, in zuba adashina a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da teburin gyaran waya a Agege. Da daddare nakan buɗe tsofaffin na'urorin gem, PlayStation 2 da Sega, in tashe su, don tun ina yaro nake son su. Yanzu abokai sun fara kawo mini nasu. Wani dillali a kasuwar Alaba ya yi mini tayin guda 20 'yan tokumbo a dunƙule kan naira dubu 600, ba gwaji. Kuɗin adashina ke nan gaba ɗaya. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka saya a haka. Sana'ar tana da kyau, cinikin ne bai yi ba.

PlayStation 2 ta fito a shekarar 2000, an kuma sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, shi ya sa har yau ba ta yanke a Alaba ba. Amma na'urar da ta haura shekara ashirin, abin da ke fara gajiya a cikinta shi ne lezar da ke karanta faifai. Za ta kunnu, ta nuna hoto tas, ka sa faifai ta ƙi ɗauka. Dillalin da ya hana gwaji ya san wannan. Idan takwas cikin ashirin suka zo da matacciyar leza, ribar sauran sha biyun ta tafi wajen jinyarsu.

Akwai kuma maganar wuta, wadda ta fi damuna. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce. Tsofaffin PlayStation 2 masu kauri da aka yi wa Amurka bolt 120 suke ɗauka, na Japan kuma 100. Ka jona kai tsaye ba taransifomar rage wuta, sai hayaƙi. Wasu ma tun kafin su iso hannunka wani ya riga ya ƙona su. Ka juya bayan kowace ka karanta takardar da ke manne. Nan ne kuma za ka ga ko PAL ce irin ta Ingila, tsarin hoton da talabijin ɗinmu ke bi, ko NTSC irin ta Amurka da Japan, domin faifan wani yanki ba ya aiki a na'urar wani.

Ni a ganina jarinka yana hannunka, wato iya gyaran nan. Masu tara kaya a shago suna da yawa a Legas, wanda zai zauna da dalma ya canza kafasitar da ta zube a tsohuwar Sega kuwa sai an nema. Mutumin da ya yi wasa da abin nan yana ɗan firamare, yanzu ya zama magidanci mai albashi, zai biya a gyara masa tasa, a haɗa masa mahaɗin HDMI don ta hau talabijin na zamani. Wannan aikin kuɗinka ba ya kwana a ciki: ka karɓi kafin alƙalami, ka sayi kayan gyara a Computer Village ta Ikeja, ka ɗauki ladanka.

Na san za a matsa maka ka cika wa mutane filashi da wasanni, tunda da katin memori mai ɗauke da manhajar Free McBoot ana iya buga gem ba faifai. Gyara na'ura daban, sayar da kwafin wasannin da ba naka ba daban. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana aiki, kuma hukumar NCC mai kula da ita takan kai samame kasuwanni. Kada ka ɗora abincin iyalinka a kan wannan.

Ka ware dubu 150 kawai. Ka koma Alaba da hannun gem ɗinka da faifai ɗaya da ka yarda da shi, ka zaɓi huɗu ko biyar ka gwada a gaban mai kaya, ko da zai ƙara maka kuɗi. Idan akwai matattu da zai saki da arha, ɗauki biyu don cire kayan ciki. Sauran kuɗin su zauna a sana'ar waya, ita ke riƙe da gida. Ka buɗe littafi daban, ka riƙa rubuta har awannin da kowane gyara ya ci, saboda mai son abu yakan kwana a kan na'ura ɗaya ya manta bai sa wa daren farashi ba. Duk wadda ka ji ba za ka iya rabuwa da ita ba, ka biya kuɗinta daga aljihunka ka kai ta gida. Bayan wata uku ka turo mini lissafin, mu duba ko lokacin ƙara kaya ya yi.