Tambaya da Amsa: Tsohuwar unguwarmu tana lalacewa, ta ina za mu fara gyara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni ɗan wata tsohuwar unguwa ne a cikin birnin Kano, cikin badala, nan aka haifi kakana. Yanzu duk damina sai an samu gidan da ya faɗi, kwatocin lunguna duk sun toshe, wanda Allah ya hore wa kuma sai ya tashi ya koma Rijiyar Zaki ko Hotoro, gidajen gado sun zama kango ana zuba shara a ciki. Mun kafa ƙungiyar matasa, ni ne sakatare, amma in an zauna kowa da tasa, wasu intalok, wasu bohol, wasu a rubuta wa ɗan majalisa. Kansilanmu ma ya yi alƙawarin intalok. Dan Allah ta ina ya kamata mu fara?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi muku albarka da wannan yunƙuri. Aikina ke nan tsara birane, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne kar ku fara da takarda zuwa wajen ɗan majalisa, kar kuma ku fara da intalok. Ku fara da sanin unguwar taku a rubuce, da hannunku, sannan ku zaɓi lungu ɗaya tak ku gyara masa hanyar ruwa. Na san za ka ce ai mu 'yan unguwar ne, wane lungu ne ba mu sani ba, to amma in na tambaye ka gida nawa ne a unguwar, nawa ne na ƙasa nawa ne na bulo, nawa ne ba kowa a ciki, ruwan lungunku ina yake bi har ya faɗa babbar kwata, za ka ga kowa a ƙungiyar amsarsa daban. Shi ya sa zaman naku ba ya ƙarewa da matsaya, kowa abin da ke ƙofar gidansu yake gani.

Ku buga hoton unguwar daga Google Maps a babbar takarda, ku raba kanku bibbiyu, ku bi gida gida da izinin mai unguwa, in da hali ya haɗa ku da yaronsa ko wani dattijo da ake ganin girmansa. Kowane gida a ba shi lamba, a rubuta mutum nawa ne ke kwana a ciki, masu gida ne ko 'yan haya, masai irin wanne ne, rijiya ce ko 'yan garuwa ake jira, ina indararon yake zuba. Kuma lallai a samu mata a cikin masu wannan zagaye, domin ku maza iyakarku zaure, alhali matan gida su ne suka san inda ruwa yake kwanciya a tsakar gida da bangon da ya fara jiƙa daga ƙasa. Sannan ranar da aka sheƙa ruwa sosai a watan Agusta ku fita cikinsa da fenti, ku sa alama a bango iya inda ruwan ya kai. Wannan alamar ta fi duk wani rahoto da zan rubuta muku daga ofis.

Dalilin da ya sa na nace a kan ruwa, ginin ƙasa ba tsufa ne ke kayar da shi ba, akwai soraye a cikin birnin nan da suka haura shekara 100 suna tsaye. Ruwa ne ke kayar da shi, ko ta sama in indararo ya toshe ko an daina yaɓe, ko ta ƙasa in kwata ta cika ruwa ya kwanta a gindin bango yana cin sa a hankali. Da can kududdufan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini su ne ke shanye ruwan damina, yanzu an cike da yawansu da shara an yi gini a kai, ruwan kuwa dole ya nemi wajen zuwa. To ka ga in aka zo aka zuba yashi aka shimfiɗa intalok a lungu ba tare da an auna gangara ba, lungun zai ɗaga ya fi daɓen zaurukan tsayi, ruwan da da yake wucewa sai ya juya cikin gidajen mutane. Na sha ganin haka, lungu ya yi kyau a hoto, damina biyu bango ya zube. Haka ma shafa wa bangon ƙasa siminti, yana riƙe danshi a ciki har wata rana ya ɓanɓaro gaba ɗaya da ƙasar. A kan wannan ku nemi tsofaffin magina na gargajiya da suka san tubali da azara da makuba, suna nan ba su ƙare ba, ku haɗa su da injiniya ɗaya ɗan unguwa ko ɗalibin jami'a da ya iya awon gangara.

Bari in ba ka labarin Orangi, wata ƙatuwar unguwa a Karachi ta ƙasar Pakistan. Ita ba tsohuwar unguwa ba ce irin taku, ta fi kama da unguwanninmu na awon igiya, amma hanyar da suka bi ita ce nake so ku ɗauka. A 1980 wani masani mai suna Dakta Akhtar Hameed Khan ya fara aiki a can, ya yi watanni ba abin da yake yi sai yawo a lunguna yana sauraron mutane, ya gano babbar damuwarsu ita ce ƙazamin ruwa da bahaya da ke gudana a fili. Bai ce a tara unguwa duka ba, ya ce kowane lungu, gida 20 zuwa 40, su zaɓi mutum ɗaya da suka yarda da shi, shi zai karɓi karo-karo ya sayi kaya. Ofishin nasa kuwa iyakarsa ya auna lungun, ya zana taswira, ya lissafa siminti da bututu nawa za a ci, ya ara musu kayan aiki, amma kuɗin mutane ba ya taɓa shiga hannunsa. Da babu ɗan kwangila babu kaso, sai kuɗin aikin ya faɗo ƙasa ƙwarai har talaka ya iya biya. Lungu ɗaya ya yi, maƙwabta suka gani suka ce mu ma, a haka gidaje sama da 90,000 suka samu masai da bututun ƙarƙashin ƙasa da kuɗinsu.

Abin da ya fi burge ni a tsarin nasu shi ne yadda suka raba aiki gida biyu. Na ciki, wato masai na gida da bututun lungu da ƙaramar hanyar da ke tara na lunguna, wannan na jama'a ne. Na waje, wato babbar magudana da wajen tace ruwa, wannan na gwamnati ne, ba wanda ya ce talaka ya yi shi. Ku ma haka za ku yi a kan taswirarku, jan biro ga abin da ya fi ƙarfinku kamar babbar kwata da kwalbati da taransifoma, shuɗi ga abin da aikin gayya da karo-karo za su iya. Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli ta ishe ku yashe kwatar lungu, sai dai ku riga ku shirya da REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, ko masu kura su kwashe abin da aka fito da shi a ranar, in ba haka ba ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito.

Yanzu sai maganar da ƙungiyoyi irin taku suke tsallakewa saboda nauyinta, gidajen gado. Wallahi ita ce take kashe tsohuwar unguwa fiye da kwata. Mai gida ya rasu, magada 20 ko 30, wasu na Legas wasu na Saudiyya, ba a raba ba, ba mai sa kuɗinsa ya gyara abin da ba nasa shi kaɗai ba, ba kuma mai ikon sayarwa. Sai gida ya zama kango, kango ya zama bola, bola ta zama maɓoyar masu shaye-shaye, maƙwabci ya gaji ya tashi. Ku matasa ba ku da bakin shiga wannan kai tsaye, kar ma ku gwada, za a ce kun yi rashin kunya. Naku shi ne ku kai wa mai unguwa da liman jerin kangayen, su kira manyan kowane gida. Wani a raba gadon a gaban malami ko alƙali, wani magaji ɗaya ya sayi kason sauran su ba shi lokaci ya biya, kuma a fiƙihunmu na Malikiyya abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, shi ya fi cancanta ya saya kafin bare. Wani kuma da magadan suna da wadata za a iya roƙonsu su yi hubusi da shi, wato wakafi, ya zama islamiyya ko ƙaramin asibiti ko fili da yara za su sha iska, tunda cikin birni babu abin da ya kai fili tsada.

A nan ne labarin Dudley yake da amfani, wata tsohuwar unguwar talakawa a birnin Boston na Amurka, inda gobara da gudun masu gidaje suka bar filaye kimanin 1,300 ba komai sai shara. An kafa ƙungiyarsu a 1984, amma a taron farko da aka kira jama'a mazauna unguwar suka ƙi yarda da shugabancin da aka zo musu da shi, suka ce sai dai mafi yawan kujerun su zama na masu kwana a unguwar, aka sake tsari. Da yaƙi da masu jibge musu shara suka fara, sannan suka zana tsarinsu, hukumar birni ta karɓe shi a 1987, a 1988 kuma aka ba su ikon karɓar filayen da aka yasar a biya masu su diyya. Filayen suka zama amanar unguwa, aka gina gidaje sama da 200 a kai waɗanda ba a barin farashinsu ya tashi yadda talaka zai kasa. Wannan ikon ku ba za ku same shi ba, a Najeriya dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, shi ya sa na kawo maka hubusi. Amma darasin kujeru naku ne. Za ku nemi taimakon 'yan unguwa da suka yi arziki suka tashi, kuma ya kamata ku nema, sai dai kar mai ba da kuɗi daga unguwar Nasarawa ya zama shi ke yanke hukunci a kan lungun da ba ya kwana a ciki. 'Yan haya ma a ba su kujera, su ne za su fara shan wahala in unguwa ta gyaru kuɗin haya ya tashi.

Za a zo kan faɗaɗa lungu, wani zai ce a rushe a shigo da mota. Ku bi a hankali. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne lungu ya isa a fito da makara ba a karkata ta ba, baro da kurar ruwa su wuce, babban lungu kuma adaidaita sahu ta iya shiga ta ɗauki mai naƙuda. Wannan sau da yawa ɗan dakali ko ƙofar shago da aka turo waje kawai za a janye, da yardar mai shi, ba sai an yi rusau ba.

Kuɗi kuma kowane lungu ya riƙe nasa, a manna lissafin shiga da fita a bangon masallaci duk wata, ko naira 500 ce a rubuta.

Shi kuma kansila kar ku ce masa ba kwa so. Ku je masa da taswirar da hoton alamar fentin nan, ku ce ranka ya daɗe mun gode, amma ga lungun da za a fara da shi, kwata tukuna, a auna gangara, a tone ƙasa a rage tsayin lungun, sannan a shimfiɗa intalok ɗin ƙasa da dokin ƙofar gidaje. Kwafi ɗaya na taswirar ku kai KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ɗaya ma'aikatar muhalli, ɗaya wajen hakimi ta hannun mai unguwa, kowanne a buga muku hatimin karɓa ku adana. Aikin tono kuma ku sa shi daga Nuwamba zuwa Afrilu, kar ruwan farko ya same ku da rami a buɗe a gindin bangon mutane.