Amsa: Me ya sa injin 3D na gida ba ya iya buga silikon?

Malam, ka tambaya ko za ka zuba silikon (wata irin roba mai laushi) a injin 3D ɗinka kamar yadda kake yi da zaren roba na PLA. Ba zai yiwu ba. PLA narkewa yake da zafi, ya sake daskarewa in ya huce. Shi kuwa silikon, da zarar ya ƙame, ko ka gasa shi ba zai koma ruwa ba. Kafin ya ƙame kuma ruwa-ruwa ne, sai ka ga layin farko ya baje tun kafin na biyu ya hau kansa.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce a tsiyaya shi cikin wani abu mai kauri mai kama da man shafawa, wanda ke riƙe siffar har ta ƙame, sannan a wanke abin mai kaurin daga jikin siffar. Masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka sun gwada hakan da silikon a 2016. Akwai kuma wanda haske ke ƙamar da shi: kamfanin Formlabs mai ƙera injinan 3D ya fitar da irinsa, Silicone 40A, a 2023.

In dai 'yan guda kake buƙata, ni dai buga mazubi mai siffar abin da nake so da PLA zan yi, in zuba silikon a ciki.