Tambaya da Amsa: Kuɗin Masu Yawon Buɗe Ido Zai Iya Haƙa Mana Rijiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙauyenmu yana kusa da madatsar ruwa ta Sabke a ƙasar Daura, muna da tsofaffin kukoki da gawo, kuma lokacin hunturu tsuntsaye kan cika bakin ruwan. Ƙungiyarmu ta matasa tana son ta riƙa karɓar baƙi masu sha'awar kallon halittun Ubangiji, domin mu tara kuɗin haƙa rijiyar burtsatse da gyara ɗakin shan magani. Shin abin zai yiwu kuwa? Daga wani mai karatu a masarautar Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam, malam. Zai yiwu, amma sai kun rage buri, domin kuɗin zai riƙa zuwa ne kaɗan-kaɗan, kuma a wasu watanni kawai.

A inda wannan tsari ya yi nasara, doka ce ta tsaya masa. A Ruwanda, gwamnati ta fara ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar gandun dajinta ga ƙauyukan da ke kewaye a 2005, ta ɗaga shi zuwa kashi 10 a 2017, aka gina azuzuwa da asibitocin karkara da tankunan ruwa. Sai dai a can baƙo guda yana biyan dala 1,500 domin ya ga goggon biri, abin da babu mai biyan kwatankwacinsa don ya kalli belbela a Sabke. Wanda ya fi kama da halinku shi ne na Kure a Jamhuriyar Nijar, inda raƙuman dawa suka ragu zuwa kimanin 50 a 1996, daga baya suka haura 600, matasan yankin kuma suka sami sana'ar yi wa baƙi jagora. Harin da aka kai can a watan Agustan 2020, wanda ya hallaka Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ya sa Turawa suka ɗauke ƙafa. Saboda haka kada lissafinku ya rataya a kan baƙin ƙasashen waje.

Baƙinku na gaskiya suna shigowa Daura tun da daɗewa: ɗaliban da makarantu ke kawowa rijiyar Kusugu, da jama'ar da ke tururuwa lokacin Sallar Gani da hawan Sallah, da iyalai daga Katsina da Kano masu neman inda za su sha iska a ƙarshen mako. Ku nemi shugabannin makarantu da direbobin da ke ɗauko su, ku shawo kansu su ƙara zango ɗaya. Abin da irin waɗannan baƙi ke buƙata ba shi da yawa: inuwa da tabarma, wurin alwala da salla, bayan gida mai tsabta, fura da nono mai sanyi, sai kuma dattijon da zai tsaya a gindin kuka ya nuna wa yara yadda ake saɓar ɓawonta a tufka igiya ba tare da an kashe ta ba.

Inda na fi so ku natsu shi ne rabon kuɗi, domin a ganina nan ne irin wannan aiki ya fi watsewa. Tun kafin naira ɗaya ta shigo, ku zauna da dagaci da liman da wakilan masunta, makiyaya da mata, a rubuta nawa ne na masu jagora, nawa ne na kula da wurin, nawa ne na asusun gari. Ku yi wa ƙungiyar rajista, ku buɗe asusun banki wanda sai mutum uku sun sa hannu kafin a cire ko sisi, a riƙa ba kowane baƙo rasit mai lamba, sannan a karanta lissafi a ƙofar dagaci duk wata. Masu saran itace don yin gawayi, waɗanda za a ce su daina, lallai ne su ga nasu rabon, ko da aikin gadi ne ko rainon dashe, in ba haka ba gatari zai koma aiki da dare.

Madatsar ruwan ta gwamnati ce, don haka ku bi ta hannun hakimi da ƙaramar hukuma ku sami izini a rubuce kafin ku kafa ko rumfa ɗaya a bakin ruwa. A shekarar farko ku sa ran gyara famfon tuƙa-tuƙa da ya lalace, ko sake rufin ɗakin shan magani. Rijiyar burtsatse kuwa, ku tara naku kason, ku ɗauki littafin lissafinku ku kai wa ƙaramar hukuma ko ƙungiyoyin agaji su cika sauran.