Amsar Inna ga Maman Sani: yaro ya jiƙa katifar otel a Yamai

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Matan zumunci, ina kwananku, ina gajiya, ya zafin nan? Maman Sani, ɗiyata, na ji muryarki tun bayan asuba, ina bisa lazimi ne shi ya sa ban amsa nan take ba. Ga waɗanda ba su buɗe tata ba: sun taso daga nan Tawa sun je biki Yamai, ita da maigidanta da yara, sun sauka otel, saura kwana biyu su dawo. Daren jiya Sani, ɗan shekara 7, ya yi fitsarin kwance, ya ratsa zanen gado har cikin katifa. Babanshi ranshi ya ɓaci. Ita kuma tana tambaya: ta kife katifar ta yi shiru, ko ta faɗa ma masu otel? Kuma ta hana ma yaron ruwa tun daga la'asar?

To ɗiyata, kada ki kife katifar nan. Wallahi kada ki kife ta. Ni na taɓa yi, kuma har yau ina jin ciwon abin.

Lokacin babbana yana ɗan shekara 8 munka je Yamai, munka sauka wani ƙaramin otel. Ya yi irin na Sani. Kunya ta rufe ni, na mare shi tun bai gama farkawa ba, na kife katifa na shimfiɗa zanena bisa. Watan zafi ne. Kafin azahar ta gobe ɗakin ya ɗume, ba mai iya zama. Matar da ke gyaran ɗaki, wata dattijuwa Bazabarma, ta ɗaga katifar ta dube ni ta ce, Hajiya, da kin gaya mini tun da safe da na fitar da ita rana, yanzu ya shige cikin soso. Ba ta yi mini faɗa ba ko kaɗan. Amma ni na san aikin da na ƙara mata. Yaron kuwa, daren da ya biyo ya ƙi kwanciya, ya zauna jingine da bango yana gyangyaɗi don tsoron kada ya sake. Shekara biyu in anka ce tafiya sai ya ce shi a bar shi gida. Katifa an wanke ta cikin yini guda, shi kuwa marin nan bai bar shi da wuri ba.

Don haka yanzu yanzu, tun kina saurarena, tashi. Yaye zanen gadon ki naɗe shi, gefen da ya jiƙe a ciki, ki aje shi banɗaki. Ɗauki tawul busasshe ki ɗora bisa wurin, ki danna da ƙarfi, ko ki taka da ƙafa. Dannawa na ce, kada ki goga, guga tana tura shi ƙasa ne. In tawul ya sha, canza wani. Sannan ki yayyafa ruwan sanyi kaɗan, ki sake dannawa. Kada ki sa ruwan zafi, shi ke kama tabo da wari. Kuma don Allah kada ki zuba ruwan Jabel, wanda ake faranta tufafi da shi: in ya gamu da fitsari yana tada wani iska mai yaji da ke cutar ido da ƙirji, ga ɗaki a rufe ga yara, sannan ya cinye launin katifar mutane, a nan ne ma za ki ja ma kanki biya. Turare ma bar shi, shi da zarni in sun haɗu abin ya fi muni. In kin gama, jingina katifar da bango, buɗe taga, kunna fanka.

In kin samu bikarbonat, wanda ake saidawa farmasi da manyan kantuna, ki barbaɗa bisa wurin, yana shan danshi da wari, bayan awa kaɗan a kakkaɓe. Farin binegar da anka sirka da ruwa shi ma yana kashe zarni. Sai dai ki sani waɗannan na wari ne. Tsarki kuwa ruwa ne zalla ke kawo shi, kamar yadda malamai sunka koya mana. A nan ne maganar ɓoyewa ta fi damuna. Fitsari najasa ne. Ku tafi jibi, wani bawan Allah ya zo ya kama ɗakin da kuɗinshi, ya kwanta cikin zufa bisa katifar, ya tashi ya yi salla da rigar, bai sani ba. Wanga haƙƙi ba na son ki ɗauke shi saboda kunyar minti biyu.

Sai ki sauka wajen masu karɓar baƙi, ke kaɗai, ba tare da Sani ba. Ki bar shi wajen babanshi ko yayarshi. Ki je da wuri, kafin masu gyaran ɗaki su fara zagaye, don su samu rana cikakkiya. Ki yi magana a hankali, gajera: ɗana ya jiƙa gado da dare, na tsane abin da zan iya, ina son a canza zane a duba katifa. Shi ke nan. Ba sai kin yi ta rantsuwa cewa bai taɓa yi ba. Mutanen nan aikinsu ke nan, sun ga na yara, sun ga na marasa lafiya, sun ga na tsofaffi. Ki tambaye su in suna da roba ta gado, wadda ake ce ma alez, su shimfiɗa maku daren yau. In sun ce akwai kuɗin wanki, tambayi nawa ne tun yanzu, ki biya, ki karɓi takarda, kada a bari sai ranar tashi babbar motar fasinja, kar, tana jiranku ana ciniki. Ita kuma wadda za ta yi wankin da hannunta, ki nemo ta ki gaishe ta, ki sa mata jika ɗaya ko biyu a hannu in da hali. Ita ce mai wahalar.

Murya ta katse, bari in ci gaba.

Yawwa. Maganar ruwa. A'a ɗiyata, kada ki hana mishi ruwa tun la'asar. Yamai cikin wanga wata zafi yana wuce digiri 40, ga yaro yana guje-guje gidan biki. Hana ruwa zai sa mishi ciwon kai, fitsarin ya yi kauri ya ƙara zarni, ya riƙa tsikarar mafitsara, cikinshi kuma ya ɗaure. Abin da za ki yi, ki ba shi ruwa sosai da safe da rana, ki rage in an yi magariba, awa ɗaya zuwa biyu kafin barci kurɓa kawai in ya ji ƙishi. Abin da za ki tsare da gaske shi ne na gidan biki: Coca da shayin da samari ke dafawa suna miƙa ma yara, waɗannan suna ƙara fitsari. Haka kankana da fura da lemun leda da dare.

Na yi shekaru ina aikin likita kafin in aje, bari in gaya maku abin da ke faruwa a jikin yaro. Akwai wani sinadari da jiki ke saki da dare don ƙoda ta rage yin fitsari. Wasu yara nasu bai isa ba tukuna, sai mafitsara ta cika, ga barcinsu da nauyi, kiran mafitsara bai tada su. Cikin yara 100 ƴan shekara 5, kusan 15 suna jiƙa shimfiɗa, kuma kowace shekara kusan 15 cikin 100 na masu yi suna bari da kansu ba magani. Ya fi yawa ga maza. Kuma gado ne ƙwarai: in uwa ko uba ya yi yana ƙarami, ɗa yana iya yi. Ba lalaci ba ne, ba ƙiwuya ba, ba iskoki ba.

Ki duba kuma abin da Sani ya sha. Kun tashi tun kafin asuba, kilomita sama da 500, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sannan Yamai, yini guda zaune cikin kar. Yaro da yawa in yana hanya riƙe bayan gida yake, kuma hanji in ya cika yana danne mafitsara. Ki tambaye shi a asirce yaushe rabonshi da fita. Sannan ga gajiya, ga dare da anka yi wajen biki, ga sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, da bai saba ba, sanyi kuwa yana ƙara fitsari. Ga ɗaki baƙo: ko ya farka, bai san ina ƙofar banɗaki take ba cikin duhu, yana tsoro. To daren yau ki rage kilim, ki bar fitilar banɗaki kunne ƙofa a buɗe kaɗan, ki aje tocila kusa da shi don in wuta ta ɗauke. Ya yi fitsari sau biyu, ɗaya in zai yi wanka, ɗaya daidai zai kwanta. In ke za ki kwanta, tada shi ya taka da ƙafarshi ya je. Wanga bai warkar da komi, amma yana tsare katifar mutane na dare biyu.

In ba su da alez, ki aika a sayo miki ledar tebur ko babbar leda mai kauri, Babbar Kasuwa ko Wadata ba a rasawa. Ki shimfiɗa ta ƙarƙashin zanen gado, ki ɗora tsohon zanenki ninki biyu bisa don kada ta yi ta ƙara ta sa shi zufa. Akwai kuma kush, ƙunzugun da ake yarwa, irin na wando na manyan yara a farmasi. Amma ɗan shekara 7 yana da zuciya, kada ki cusa mishi. Ki ce mishi wandon tafiya ne, ya sa ƙarƙashin wandon barci, daga ke sai shi. Ki tanadi kaya na canji da leda kusa da gado don kada a kunna wuta a tada kowa.

Baban Sani kuma, Alhaji, in ta sa maka wagga murya, ina gaishe ka, kuma ina roƙonka. Na san kuɗi ka kashe, na san kunya ce ta sa ranka ya ɓaci. Amma ka san hadisin da ya ce an ɗage alƙalami ga mai barci har ya farka, da yaro har ya balaga. Sani ya haɗa biyun a dare guda. Kuma ka tuna baƙauyen da ya yi fitsari cikin masallacin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, babba, ido biyu, sahabbai sunka taso mishi, Annabi ya hana su, ya sa anka zuba guga na ruwa a wurin. Ka kira yaron ka dafa kanshi, kalma guda daga bakinka ta fi goma daga bakin uwarshi.

Ku kuma sauran da ke wajen bikin, na san akwai uku ko huɗu cikinku a nan. Maganar ta tsaya nan. Kada in ji an kira shi amalala, ko da wasa, ko daga bakin abokan wasanshi. Mu da munka tashi muna ganin ana ɗora ma yaro tabarmarshi bisa kai yara na bin shi da tafi, mun san ba ta hana ko dare guda ba. Maman Sani, ki ja kunnen yayarshi ita ma.

In kun dawo Tawa ki zo da shi in gan shi, mu je likita a auna fitsari. Tun da kin ce a gida ma yana yi jefi-jefi, hankalina bai tashi ba. Wanda ke tada hankali shi ne yaron da ya bari wata 6 ko fi sannan ya dawo yi, ko yana yawan ƙishi yana ramewa, a nan sai a duba suga ba jinkiri. Ko yana kuka da zafi in yana fitsari. Ko jini a ƙarshen fitsari, wannan tsargiya ce sau da yawa, ta masu wanka a tabki da gulbi, irin yaranmu da ke zuwa hutu wajen Tabalak, kuma maganinta yana nan. Masu ciwon SS, wato sikila, su ma ƙodarsu ba ta iya tattara fitsari, suna daɗewa suna yi, su kam ko kusa ba a rage masu ruwa. Akwai maganin da likita ke rubutawa don irin wagga tafiya, desmopresin sunanshi, amma yana da ƙa'ida mai tsanani bisa shan ruwa da dare, sai da takardar likita. Kada wata ta ba ki ragowar na ɗanta, kada kuma ki saya wajen masu yawo da magani.

To je ki yanzu, rana tana yi. In anka gyara ɗakin, ki kai su Mize, gidan tarihin nan mai namun daji, su ga zaki da dorina kafin walimar yamma, ya samu abin da zai ba abokanshi labari in ya dawo. Ki ce mishi Inna tana gaishe shi, kuma ina jiran kilishina. In kin fito daga wajensu ki aiko mini murya in ji yadda kunka yi. Allah shi maido ku lafiya.