Uludag, Erciyes ko Palandoken: ina ɗan koyo zai fara zamiyar ƙanƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Barci, ina zuwa Istanbul saro kaya. A Janairu zan tafi da ɗana mai shekara 17, kuma ya matsa sai mun gwada zamiya a kan dusar ƙanƙara. An ambata mana duwatsun Uludag da Erciyes da Palandoken a Turkiyya, aka ce dusar Palandoken ta fi laushi. Ba mu taɓa yi ba. Ina ya dace mu nufa? (Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Wanda ya yabi dusar Palandoken bai yi ƙarya ba, sai dai ba ita ce buƙatarku ba a wannan tafiya.

Dusar da gwanaye ke nema ita ce sabuwar zuba, busasshiya, wadda in ka damƙa ta ƙi dunƙulewa kamar garin tuwo. Tana samuwa ne inda sanyi ya tsananta kuma teku ke nesa. A ƙiyasi, santimita 10 na dusa in ya narke yakan ba da santimita 1 na ruwa, busasshiyar kuwa ruwanta bai kai haka ba. Gwani na shawagi a kanta. Ɗan koyo kuma allunan zamiyar da ke ɗaure a ƙafafunsa nutsewa suke yi, ya kasa juyawa, in ya faɗi tashi ya zama aiki. Abin da kuke so shi ne hanyar da mota ta bi da dare ta daddale, mai faɗi, marar gangara sosai. Ana yi wa hanyoyin alama da launi: kore da shuɗi na 'yan koyo, ja na waɗanda suka iya, baƙi na ƙwararru.

Uludag tana saman birnin Bursa, ƙololuwarta mita 2,543, kuma ita ce mafi kusa da Istanbul cikin ukun. Daga Bursa akwai motar igiya mai tsawon kusan kilomita 9 da ke hawa dutsen. Hanyoyinta masu sauƙi ne, akwai itatuwa da ke tare iska. Amma kusancin nan shi ne matsalarta. Asabar da Lahadi mutanen Istanbul ke kwararowa, ka daɗe a layin kujerun da ke hawa da mutane, ka sauko cikin 'yan mintuna. Sannan tana kusa da tekun Marmara, don haka dusarta kan yi nauyi da danshi, ga hazo. In rana ta narkar da saman dusar, dare ya daskarar da ita, da safe sai ka tarar da santsi mai tauri, faɗuwa a kai ba daɗi.

Palandoken tana gabas mai nisa, a gefen Erzurum, birnin da shi kansa yake kusan mita 1,900 sama da teku. A nan aka yi gasar hunturu ta ɗaliban jami'o'in duniya a 2011. Hanyoyinta dogaye ne, da yawansu masu gangara, cunkoso bai kai na Uludag ba. Sanyin Janairu da dare yakan kai digiri 20 ƙasa da sifili. Ga wanda iyakar sanyin da ya sani shi ne hunturun Kaduna, wannan ba wurin fara koyo ba ne. A bar ta sai an iya tsayawa da juyawa.

Mu dai Erciyes muke ba ku shawara. Tsohon dutse ne mai aman wuta, tsayinsa mita 3,917, kimanin kilomita 25 daga Kayseri, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya da rabi ba a jirgi daga Istanbul. Filin yana da ƙofofi huɗu: Tekir, Hacilar, Hisarcik da Develi, saboda haka jama'a na rarrabuwa. Ku shiga ta Tekir, nan ne hanyoyin 'yan koyo suka fi yawa. Za ku iya kwana a cikin Kayseri, inda otal ya fi araha, ku hau da safe. Aibin Erciyes ɗaya: babu itatuwa. In iska ta taso ana tsayar da kujerun sama, ta kuma share dusar daga wasu wurare. Don haka ku ware kwana uku, kada ku jingina da yini ɗaya.

Batun lokaci kuma, makarantun Turkiyya kan tafi hutun mako biyu a ƙarshen Janairu, ko'ina ya cika, farashi ya tashi. Ku je kafin hutun ko bayansa, tsakanin Litinin da Alhamis.

Tambaya: 'Yata na karatu a Turkiyya, ƙawayenta za su je zamiya. Tana da sikila. In bar ta? (Daga wata uwa a Unguwar Rimi)

Amsa: Hajiya, kada ta tafi sai likitan da ke duba ta ya amince, kuma in SS ce, mu ba mu goyi bayan tafiyar ba. Abubuwa huɗu da ke tayar da ciwon duk suna haɗuwa a can: sanyi, ƙarancin iskar shaƙa a sama, wahalar jiki, da bushewar ruwan jiki, domin a sanyi mutum ba ya jin ƙishirwa alhali ruwa na fita ta numfashi. Kaduna ba ta wuce mita 600 da 'yan kai ba, Jos wajen 1,200, filin Erciyes kuwa daga sama da mita 2,000 yake farawa. Ko mai AS, wanda lafiyarsa ƙalau, yana iya samun matsalar saifa a irin wannan tsayi. Alamarta ciwo mai tsanani ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. In haka ta faru a sauko da shi nan take a kai asibiti.

Tambaya: Me zan saya, me zan yi haya? (Daga wani ɗalibi a Malali)

Amsa: Alluna, takalma, sanduna da hular kwano duk haya ake yi a wurin. A shagon za a tambaye ka nauyinka da tsayinka da iyawarka. Faɗi gaskiya, ka ce ɗan koyo ne, domin da wannan ake saita maƙallin da ke sakin takalmi in ka faɗi. In an ɗaure shi fiye da kima bai saki ba, jijiyar gwiwa ce ke tsinkewa. Allo ya tsaya maka wajen haɓa. Takalmi ya kama ƙafa, diddige ba ya ɗagawa, da safa guda ɗaya doguwa. Safa biyu na matse jijiyoyin jini, ƙafar ta ƙara sanyi.

Abin saye shi ne na jiki, hawa uku: ta ciki ta ulu ko ta roba, rigar ɗumi a tsakiya, sai ta waje mai hana ruwa da iska. Ban da auduga, tana riƙe gumi ta sanyaya jiki. Ƙara da safar hannu marar shan ruwa da tabarau mai tare hasken rana, don dusa na mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ke ƙona ido. Ka biya malami awa biyu a ranar farko, kada ka tsallake igiyar da ta iyakance hanya saboda zaftarewar ƙanƙara, kuma ka duba takardar inshorar tafiyarka, domin da yawa ba sa biyan raunin zamiya sai an ƙara kuɗi.